Babi na Shida: Gigin Tsufa a Ƙasar Gobir

A shekarar 1998, cikin kowane yara dubu da aka haifa a Nijar, 226 ne suke rasuwa kafin su cika shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Masanan da suka wallafa wannan lissafi a mujallar Lancet a 2012 sun danganta nasarar da abubuwan da kowace uwa a jihar Maraɗi ta sani: gidan sauro mai magani, bitamin A, cibiyoyin kula da yara masu tamowa, da matakin da gwamnati ta ɗauka a 2006 na daina karɓar kuɗin magani a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Lokacin da ƙasar ta samu mulkin kai a 1960, matsakaicin tsawon ran ɗan Nijar bai kai shekara 40 ba. Yau ya haura 60.

Abin godiya ne, amma yana tafe da nauyin da ba a cika zancensa ba. Yaron da ya tsallake ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro zai girma, ya yi iyali, ya yi furfura. A yanzu waɗanda suka kai shekara 60 ba su wuce mutum huɗu cikin ɗari ba a Nijar, shi ya sa likitocin karkara suka fi sanin cututtukan goyo da na haihuwa. To amma ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.4 a jihar Maraɗi kaɗai, kuma yawancinsu yara ne. Waɗannan yaran su ne tsofaffin 2060 da 2070. Da wace irin ƙwaƙwalwa za su isa can?

Gidan Sori, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na gundumar Gidan Rumji, tare da Tsibiri da Cadakori da Saye Sabuwa da garin Gidan Rumji kansa, wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan tambaya. Ƙasar manoman gero da wake da gyaɗa ce, ba ta da nisa da iyakar Nijeriya, kuma abin da ya same ta a 'yan shekarun nan ya samu ƙauyukan Agye da Gazawa ma: matasa suna tafiya ci-rani, babura sun yi yawa, shayi mai sukari da dunƙulen miya sun shiga kowane gida, tsofaffi kuwa suna daɗa daɗewa a duniya.

Abin da ake kira gigin tsufa

Kusan kowace zuri'a tana da labarinsa. Tsohuwa ce da ta aurar da 'ya'ya da jikoki, wadda a da take iya lissafa dangin miji har kaka na huɗu. Sai a wayi gari ta aza tukunya a murhu ta manta, har hayaƙin ƙonewa ya kira maƙwabta. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin tabarma, ta neme su ta rasa, ta ce surukarta ce ta ɗauke. Ta ci tuwo ta wanke hannu, an jima ta ce tun safe ba wanda ya ba ta ko fura. Wata rana da la'asar ta ɗaure 'yan tsummokaranta a kai, ta kama hanya, wai za ta gidan babanta, wanda ya rasu shekara arba'in da suka wuce. Ɗanta ya tare ta a bakin rijiya ya ce, "Inna, ina za ki?" Ta dube shi kamar baƙo, ta ce, "Yaro, ɗan gidan wane ne kai?"

A gida mai haƙuri sai a ce gigin tsufa ne, a sa jika ya riƙa binta. A gidan da haƙuri ya ƙare, ko garin da tsoro ya yi yawa, sai a fara raɗa cewa iska ce, ko sammu, ko ma maita, musamman idan an tsince ta tana yawo da dare tana sambatu. Tsofaffi mata da yawa a Afirka ta Yamma sun sha jifa da tsangwama saboda cutar da ke cikin kansu.

Musulunci ya san wannan hali tun tuni. Aya ta 70 a Suratun Nahli da aya ta 5 a Suratul Hajji sun yi maganar wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya taɓa sani, kuma yana cikin abubuwan da Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga gare su. Abin da likitanci ya ƙara shi ne bayanin yadda abin yake faruwa. A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da rahoton wata mata mai suna Auguste Deter da ta rasa tunaninta tun tana 'yar shekara hamsin da 'yan kai. Bayan rasuwarta ya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule na furotin a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikinsu. Cutar da ke ɗauke da sunansa ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan ruɗewa. Ta biyu a yawa ita ce wadda lalacewar ƙananan hanyoyin jini ke haddasawa, kuma sau da yawa su biyun suna haɗuwa a kai ɗaya.

Dole a bambance wannan da mantuwar da kowa ke yi. Ƙwaƙwalwar mai lafiya ma tana ɗan raguwa bayan shekara 40, sunan mutum yakan ɓace a baki ya dawo an jima. Wannan tsufa ne. Amma wanda ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara talatin yana zuwa, ko ya rikice a raka'o'in sallar da ya girma da ita, ko ya kasa ƙirga canjin dala ashirin, wannan ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke fama da shi a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi, kuma ana hasashen adadin zai haura miliyan 150 nan da 2050.

Daga Ibadan zuwa Zariya

Binciken da ya fi canza tunanin masana game da Afirka ya fara ne a 1992, lokacin da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana da Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan suka haɗa kai. Suka ɗauki tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indianapolis na Amurka, suka riƙa gwada su da ma'auni iri ɗaya shekara da shekaru. Bayan rasuwar Osuntokun, Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jan aikin a ɓangaren Nijeriya.

Gwajin kansa sai da aka sake masa fasali. Tambayoyin da ake yi a Turai sun ginu a kan cewa mutum ya iya riƙe alƙalami, ya zana agogo, ya faɗi kwanan wata. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba zai faɗi wannan jarrabawa ko da kansa garau yake. Sai Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka ƙirƙiro gwajin ashana. Mai gwaji zai jera tsinken ashana huɗu a kan tebur, su ba da wata siffa, kowane da inda kansa ya fuskanta, sannan ya miƙa wa tsohon nasa huɗun ya ce ya kwaikwaya. An jima kuma a ce ya sake jerawa da ka. Sannan a keɓe da wani na kusa da shi a gida a tambaye shi: ko ya fara mance inda ya ajiye kaya, ko yana maimaita zance, ko ya daina gane mutane?

Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya ba da mamaki. A kowace shekara, kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da cutar, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Mutane ne masu tushe kusan ɗaya, amma haɗarin ya ninka fiye da biyu a ƙetaren teku. Masu binciken sun lura cewa mutanen Ibadan sun fi ƙarancin kitse a jini, da ƙarancin ciwon suga da hawan jini. Darasin shi ne gado ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Yadda aka rayu yana da babban rabo.

A ƙasar Hausa, wani bincike da likitocin Zariya suka wallafa a 2011 ya duba tsofaffi 322 a cikin gari, ya samu kusan kashi 2.8 cikin 100 suna da cutar. Adadin ba shi da yawa, amma kada ya ruɗe mu. Inda mutane ke rasuwa da wuri, da yawa ba sa kaiwa shekarun da cutar ta fi kamu. Kuma abubuwan da suka kare Ibadan a 1992 su ne suke zaizayewa a garuruwanmu yau.

Abubuwa goma sha huɗu

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin jagorancin Gill Livingston, ya tattara binciken duniya ya fitar da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda a lissafinsu suke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa. Sun haɗa da ƙarancin karatu a yarinta, raunin ji, yawan mugun kitse a jini, hawan jini, ciwon suga, ƙiba, shan taba, yawan shan giya, rauni a kai, ciwon damuwa, rashin motsa jiki, kaɗaici, gurɓatacciyar iska, da raunin gani da ba a yi wa magani ba.

In aka ɗora wannan jeri a kan Gidan Sori, wasu abubuwan sai su faɗi da kansu. Manomin da ke fita gona tun asuba da hauya a kafaɗa, da matar da ke daka da surfe da ɗiban ruwa, ba su bukatar a yi musu wa'azin motsa jiki. Wani bincike na 2021 a kan Tsimane, wata al'umma ta manoma da mafarauta a dajin Bolibiya, ya nuna ƙwaƙwalwarsu tana raguwa da tsufa a hankali ƙwarai, da kusan kashi 70 cikin 100 ƙasa da saurin ta mutanen ƙasashen masana'antu. Giya da ƙiba ma ba su ne manyan matsalolin ƙauye ba. Amma sauran jerin kamar da mu aka rubuta shi: hawan jinin da ba a auna ba, yanar ido, kurumtar da sanƙarau ya bari, hayaƙin murhu a ɗakin girki, ɗan kabu-kabu ba hular kwano, da yarinyar da aka cire daga makaranta tun ba ta iya haɗa baƙi ba.

Awon jini

Cikin duka goma sha huɗun, hawan jini ne aka fi samun ƙwaƙƙwarar hujja a kansa. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuzarin jiki, kuma ƙananan jijiyoyi ne sirara ke kai mata abinci. Hawan jini yana yi musu abin da ruwa mai ƙarfi ke yi wa kunyar gona: yau ya ɗan ci nan, gobe ya fasa can, har wata rana a tarar da kwari. In babbar jijiya ce ta toshe ko ta fashe, sai a ga shanyewar ɓarin jiki. In ƙanana ne, ba a ganin komai a waje, sai dai mutum ya riƙa raguwa shekara bayan shekara.

Binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Gana da Nijeriya, har da na Kano da Zariya, ya kwatanta masu shanyewar ɓarin jiki fiye da dubu biyu da takwarorinsu masu lafiya. Rahotonsu na 2018 ya nuna hawan jini yana da hannu a kusan tara cikin kowane goma, kuma ciwon yana kama mutane da wuri, da yawa kafin su kai 60. Sun kuma ga cewa masu barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an gama dahuwa sun fi shiga haɗari, masu cin ganye kullum kuwa sun fi tsira. Zogale da rama da tafasa da yakuwa, waɗanda wasu ke rainawa a matsayin cimar talaka, sun fito a nan da daraja.

Amma gwajin da ya fi dacewa da Gidan Sori an yi shi ne a ƙauyukan ƙasar Sin. Masana suka ɗauki ƙauyuka 326 da mutum 33,995 masu shekara 40 zuwa sama da ke da hawan jini. Aka raba ƙauyukan biyu ta hanyar ƙuri'a. A rabi, aka bar mutane da irin kulawar da suka saba samu. A ɗaya rabin, aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, aka ba su na'urar awo da takardar da ke nuna wane magani za a fara da shi da lokacin da za a ƙara. Suka riƙa bin mutane, suna ba su magani kyauta ko da rangwame, suna yi musu nasihar rage gishiri. Bayan shekara huɗu, awon sama na mutanen wannan rukuni ya fi na ɗayan sauka da maki 22. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Nature Medicine a 2025 ya nuna kamuwa da cutar ruɗewa ta ragu da kashi 15 cikin 100. Kafin nan, gwajin SPRINT MIND na Amurka a 2019 ya riga ya nuna cewa sauke hawan jini sosai yana rage fara raunin tunani da kashi 19 cikin 100.

Babu abin da aka yi a waɗancan ƙauyuka da ya fi ƙarfin tsarin da Nijar take da shi. Akwai ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, akwai likitar karkara da ke samansu, akwai masu sa kai da suka saba bi gida-gida da damina suna ba yara maganin riga-kafin zazzaɓi, suna auna damtsensu da ɗan tef mai launi uku. Wanda ya iya wannan zai iya ɗaura na'urar awon jini. Aikin ba ya cin minti goma: mutum ya zauna ya huta, ya jingina baya, ya sauke ƙafa ƙasa, a naɗa masa abin awo a damtse daidai saitin zuciya, a danna, a jira lambobi biyu su fito. In sun kai 140 a kan 90 ko sun wuce, a sake aunawa wata rana. Ko wane magani za a ba shi ma an bincika a nan Afirka: gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata, kuma magani ne tsoho mai araha.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗorewa. Hawan jini ba ya ciwo, don haka mutum yakan sha ƙwaya wata guda, ya ji garau, ya ce ya warke. Wani kuma sai kansa ya yi ciwo yake tunawa da ita. Maganin na kullum ne, kuma dole ya kasance yana samuwa kusa, ba sai an hau mota zuwa Maraɗi ba.

Ido da kunne

Tsohon da ba ya ji sosai yakan fara da cewa "Na'am?" sau biyu, sau uku, har ya ga mutane sun gaji, sai ya koma gyaɗa kai kawai. Daga nan ya daina zuwa majalisa. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun zance tana rasa abin yi. Kwamitin Lancet ya ba raunin ji kashi 7 cikin 100, daidai da mafi girma a jerin. Mu kuwa muna tsakiyar yankin sanƙarau, cutar da ke barin kurumta ga da yawa daga waɗanda suka tashi. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta kusan kawar da nau'in da ya yi ɓarna a annobar 1996, don haka ita ma kariya ce ga tsufan yaran da aka yi wa. Ciwon kunne mai ruwa da ake bari ba magani, da dattin kunne da ya toshe, abubuwa ne da ma'aikacin lafiya zai iya dubawa. Na'urar ƙara ji tana da tsada, kuma gwajin ACHIEVE na 2023 bai nuna amfaninta ga ƙwaƙwalwar kowa da kowa ba, amma a cikin tsofaffin da suka fi fuskantar haɗari ta rage saurin raguwar tunani da kusan rabi.

Yanar ido ta fi sauƙi. Wani bincike a Amurka da ya bi tsofaffi fiye da dubu uku ya samu cewa waɗanda aka yi wa aikin yana sun fi waɗanda ba a yi wa ba tsira daga ruɗewa da kusan kashi 30 cikin 100. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa aikin ne kaɗai sanadi, amma ko ba don ƙwaƙwalwa ba, aikin da ba ya wuce rabin awa yana mayar da mutum gonarsa da karatun Alƙur'aninsa. Ana yin sa a Maraɗi, a asibitin ido na Makka da sauransu. Abin gudu shi ne masu kwantar da yana da tsinke a kasuwa, domin idon da suka taɓa sau da yawa ba ya gyaruwa.

Tun daga goyo

A 2005, shekarar da ɓarnar fara da ƙarancin ruwan daminar da ta gabata suka haɗu da tsadar hatsi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara masu tsananin tamowa fiye da dubu 60 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da abincin gyaɗa na leda da ake kira Plumpy'Nut. An ceci rayuka masu yawa. Sai dai har yanzu binciken abinci na shekara-shekara yana nuna kusan rabin yaran jihar, wani lokaci fiye, sun tsumbure.

Mafi yawan girman ƙwaƙwalwa yana kammala ne kafin yaro ya kai shekara biyar, kuma abin da aka rasa a lokacin yana iya biyo mutum har furfura. A Holan, an bi mutanen da suke cikin ciki lokacin yunwar 1944 zuwa 1945. Da suka kusa shekara 60, waɗanda yunwar ta same su a farkon ciki sun fi takwarorinsu rauni a gwajin tattara hankali. A Jamaika kuwa an samu labari mai ƙarfafa gwiwa. A tsakiyar shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor ta sa ma'aikatan lafiya suna ziyartar iyayen yara tsumburarru sau ɗaya a mako, suna koya musu wasa da hira da yaran. Bayan shekara 20, waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Tatsuniyar kaka da wasan goyo ashe ba ɓata lokaci ba ne.

Karatu shi ma ajiya ne. Masana suna ganin ƙwaƙwalwar da ta saba aiki tana gina hanyoyi da yawa, ta yadda in cuta ta toshe ɗaya sai ta bi wata. A birnin Haidarabad na Indiya, binciken Suvarna Alladi na 2013 a kan majinyata 648 ya nuna masu harshe biyu sun fi masu harshe ɗaya jinkirin fara ruɗewa da kusan shekara huɗu da rabi, har a cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Bagobirin da ke ciniki da Fulatanci a kasuwar dabbobi, da tsohuwar da ke zuwa makarantar Islamiyya ta matan aure, suna yi wa kansu tanadi ko ba su sani ba. Babban giɓin yana wajen 'yan mata, domin mata sun fi maza daɗewa a duniya, sun fi su kamuwa da cutar, kuma su ne aka fi cirewa daga aji.

Zaman tare

Arzikin da ƙauye ya fi birni da shi shi ne mutane. Salla biyar a jam'i, zaman gindin bishiya, suna da biki da gaisuwar mutuwa, jikoki da ke hawa jiki, duk suna sa tsoho magana da tuna sunaye da warware rigima. Kwamitin Lancet ya ba kaɗaici kashi 5 cikin 100, ciwon damuwa kashi 3. Wannan garkuwa ce da muka gada, amma tana tsagewa. Ci-rani yana kwashe majiya ƙarfi zuwa Kano da Legas da Libiya. Tun 2019 kuma, dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga, har aka tsugunar da wasu a wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Tsohon da aka raba da gonarsa da maƙwabtansa da kaburburan iyayensa yakan yi shiru, ya daina cin abinci, ya riƙa mantuwa. Wani lokaci ba ruɗewa ba ce, damuwa ce, kuma ita tana jin magani da kulawa.

Kasuwar tsawon rai

A wani gefen duniya, neman tsawon rai ya zama kasuwa. Attajirin Amurka Bryan Johnson ya ce yana kashe kusan dalar Amurka miliyan biyu a shekara don rage wa jikinsa tsufa. Maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana rage saurin cutar Alzheimer da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, a kan dalar Amurka 26,500 a shekara a farashin 2023, kuma sai da hoton ƙwaƙwalwa akai-akai saboda yana iya jawo kumburi ko zubar jini. Labaran garuruwan da ake cewa mutanensu suna haura shekara ɗari su ma sun sha suka. Saul Newman, wanda ya samu kyautar Ig Nobel a 2024, ya nuna da yawa daga irin waɗannan alƙaluma sun fito ne daga wuraren da ba a da ingantacciyar takardar haihuwa. A 2010 hukumomin Japan sun gano fiye da mutum dubu 230 da rajista ta nuna sun haura ɗari, alhali ba a san inda suke ba. Mu da tsofaffinmu ke ƙirga shekaru da yunwar El-Buhari ta 1984 ko da sarautar wani sarki, mun san yadda shekara tamanin ke zama ɗari da ashirin a bakin jikoki.

Guguwar wannan kasuwa tana isowa nan da wata kama: kwalabe da ƙulle-ƙulle da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa, ko a WhatsApp, wai suna wanke ƙwaƙwalwa suna dawo da ƙuruciya. Kuɗin da ake zubawa a kansu da zai sayi maganin hawan jini na watanni.

Abin da bincike ya tabbatar ba ya bukatar sabon gini. Ƙaramar hukuma irin Gidan Sori za ta iya ajiye tebur da na'urar awo a bakin kasuwa kowane mako, ta sa duk wanda ya haura 40 ya san lambobinsa. Za ta iya tattara sunayen masu yanar ido ta haɗa su da mota ɗaya zuwa Maraɗi. Limamai za su iya faɗa a huɗuba cewa tsohuwar da ke yawo da dare majinyaciya ce mai haƙƙi a kan kowa. Masu gida za su iya rage gishiri da dunƙule a tukunya, su fitar da murhu inda iska ke kaɗawa, su bar 'ya'ya mata su gama makaranta. Ajali na Allah ne, ba mai ƙara masa ko daƙiƙa. Amma ko mutum zai cika kwanakinsa yana gane 'ya'yansa, yana sallarsa da kansa, wannan akwai rabon da aka bar wa bayi su nema, kuma mafi yawan nemansa ana yin sa ne shekara ashirin ko talatin kafin gigin ya zo.